Yadda Ake Ɗora Tsofaffin Na'urorin IPv4 a Kan Layin IPv6: Jagora Mataki-Mataki

Tambayar da masu haɗa netwok a Katsina suka fi yi kwanakin nan guda ce, ko da kalmomin sun bambanta: yaya tsofaffin na'urori za su ci gaba da aiki a kan sabon layin intanet? Alhaji yana da babban shago a cikin birni, a ce wajen Ƙofar Ƙaura, da reshe a Daura. An canza layin intanet, an sa wanda ya fi gudu, kwana biyu sai ga waya: "Injiniya, kyamarorin Daura sun daina fitowa." Akwatin da ke naɗar hoton kyamarori, injin dangwala yatsa na ma'aikata, kwamfutar da ke riƙe da lissafin kaya, duk IPv4 kaɗai suka iya, wato tsohon tsarin adireshin intanet. Sabon layin kuwa bai ba ka adireshin IPv4 naka na kanka ba, ya cusa ka ne cikin taron jama'a a bayan adireshi guda, sai dai ya ba ka IPv6, sabon tsarin adireshi, har ka rasa inda za ka kai shi. Aikin da ke gabanka shi ne ka naɗe tsohon a cikin sabon ka wuce da shi.

Da wannan shago da reshensa za mu yi misali har ƙarshe. Adiresoshin da suka fara da 2001:db8 na misali ne kawai, ka maye su da naka.

Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Rauta biyu, ɗaya a kowane ɓangare. Umarnin da ke ƙasa na rautar MikroTik ne mai manhajar RouterOS 7, don shi ya fi yawa a hannun masu wannan sana'a, kuma ƙaramin hEX ya ishi shago. Idan naka yana kan RouterOS 6, ka ɗaukaka shi tukuna, domin WireGuard, manhajar da za mu haɗa garuruwan biyu da ita, sai daga 7 ya shigo. Sai laftof mai Winbox, manhajar saita MikroTik, igiyar netwok, da ƙaramin batiri ko inbata da zai riƙe rauta da na'urar layin idan an ɗauke wuta.

Manhajojin duk kyauta ne. Kuɗin yana wuri uku: rauta, wanda farashinsa ke bin dala, batiri, da kuma hayar sabar idan aiki ya kai ga haka, wadda ƙaramarta kan kama daga dala 5 zuwa 10 a wata. Adireshin IPv4 na fili shi ne abin da ya zama gwal: tun watan Fabrairun 2024 Amazon ke cajin dala 0.005 a kowace awa a kan adireshi guda, wato kusan dala 3.6 a wata. Kafin ka sayi komai, ka tambayi mai layinka ko yana sayar da adireshin IPv4 tsayayye da nawa. Wani lokaci biyan wannan ya fi duk abin da ke cikin jagorar nan sauƙi.

Mataki na 1: Gano irin layin da kake kai

Shiga rauta ka duba adireshin da ya samu daga waje. Idan yana tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, kana bayan CGNAT, wato babbar na'urar fassarar adireshi ta kamfanin layi. Idan ya fara da 10 ko 192.168, ko yana tsakanin 172.16 da 172.31, shi ma ba na fili ba ne. Sannan buɗe test-ipv6.com daga laftof. Adireshin IPv4 da shafin ya nuna, idan ya saɓa da wanda ke kan rauta, to akwai wani mai fassara a tsakaninku. A nan duk buɗe ƙofa da za ka yi a rautarka wahalar banza ce, ɗan baƙo ba zai iso ƙofar ba ma.

Sai IPv6. Adireshin da zai yi maka aiki yana farawa da 2 ko 3. Wanda ya fara da fe80 na cikin gida ne, kowace na'ura tana ba kanta shi, ba ya fita ko nan da bakin titi. Gwada:

`ping 2001:4860:4860::8888`

Ka yi wannan a Katsina, ka sa a yi a Daura. Kada ka ɗauka tun da kamfani ɗaya ne sakamako ɗaya ne.

Hattara: masu Starlink su sani IPv4 ɗinsa na yau da kullum yana bayan CGNAT, amma yana ba da rukunin IPv6 na /56 ga rautar da ta nema. Don rautarka ta karɓa, sai ka sa rautar Starlink a yanayin tsallakewa, wanda manhajarsu ke kira Bypass. Idan ka jona MikroTik a bayan rautarsu haka kawai, rukunin ba zai iso gare ka ba.

Mataki na 2: Zaɓi hanyar da ta dace da kayanka

Hanyoyi uku ne, kuma rikita su ne ke cin mutane kwanaki.

Idan wurare biyu kake son haɗawa, tsofaffin na'urorinsu su ga juna, bututu kake buƙata: fakitin IPv4 ya shiga cikin fakitin IPv6 sukutum, ya fito a ɗaya bakin ba a taɓa shi ba. Wannan ne maganin matsalar Alhaji, Mataki na 3 zuwa na 7.

Idan kuwa kana da wayoyi da kwamfutoci masu IPv6 kaɗai, kana son su kai ga shafukan da har yanzu suke IPv4, fassara kake buƙata, wato NAT64 da DNS64. Wannan Mataki na 8 ne.

Na uku shi ne DS-Lite, kuma ba naka ba ne kai kaɗai. Kamfanin layi ne ke kafa na'urar da ake kira AFTR, rautarka ta tura mata IPv4 ta bututu, ita ta yi fassara a can. Rautar kan karɓi sunan AFTR ta zaɓi na 64 a DHCPv6, ta ɗauki adireshin 192.0.0.2. A rauta mai manhajar OpenWrt kunshin ds-lite ke yi. Idan mai layinka bai ce yana da AFTR ba, ka manta da shi.

Mataki na 3: Tsara adireshi a takarda kafin ka taɓa rauta

Katsina: 192.168.10.0/24, rauta 192.168.10.1.
Daura: 192.168.20.0/24, rauta 192.168.20.1.
Cikin bututu: 10.99.0.1 a Katsina, 10.99.0.2 a Daura, /30.

Ɓangarorin biyu kada su yi rukuni ɗaya. MikroTik yana zuwa da 192.168.88.0/24, sauran rautoci da yawa 192.168.1.0/24. Idan ka bar kowanne a yadda ya zo, kwamfutar Katsina da ke neman 192.168.88.20 za ta ɗauka maƙwabciyarta ce a ɗaki ɗaya, ta yi ta kira a cikin gida, ba za ta leƙa bututu ba. Ka kuma kauce wa 192.168.100.0/24 idan akwai Starlink, don farantinsa yana zaune a 192.168.100.1.

Yanzu sai abin da aka fi mantawa. Tsofaffin na'urorin nan galibi adireshinsu tsayayye ne, an buga shi da hannu shekarun baya. Kyamarar Hikvision kan zo da 192.168.1.64, Dahua 192.168.1.108, injin yatsa na ZKTeco 192.168.1.201. Dole ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka ba su sabon adireshi a rukunin 20, ka kuma cike gurbin mafita, wanda allonsu ke rubutawa Gateway, da 192.168.20.1. A injin yatsa da yawa za ka tarar gurbin nan 0.0.0.0 ne, domin wanda ya kafa shi bai taɓa tunanin za a neme shi daga wani gari ba. Na'urar da ba ta da mafita tana jin sallamarka, amma ba ta san ta inda za ta amsa ba. Za ka ga bututu lafiya lau, rautar Daura tana amsawa, injin ya yi gum.

Hattara: ka canza adireshin na'urorin kafin ka canza na rauta, ko kuma ka bar tsohon adireshin a kan rauta na ɗan lokaci. Idan ka fara da rauta, ka kulle kanka a waje, sai ka koma danna maɓallan jikin kowane inji.

Mataki na 4: Saukar da IPv6 a kan rauta

A kowane ɓangare:

`/ipv6 settings set accept-router-advertisements=yes`
`/ipv6 dhcp-client add interface=ether1 request=prefix pool-name=layi6 pool-prefix-length=64`
`/ipv6 address add from-pool=layi6 address=::1/64 interface=bridge advertise=yes`

Duba cewa matsayin dhcp-client ya koma bound, kuma akwai hanyar ::/0 a jerin hanyoyin IPv6. Adireshin da ya bayyana a kan bridge, mai ƙarewa da ::1, shi ne bakin bututunka. Rubuta na kowane gari.

Hattara biyu a nan. Ta farko, IPv6 ba shi da labulen NAT, wato fassarar adireshi da ke ɓoye na'urorin gida a bayan rauta. Kowace waya da firinta da ta karɓi adireshi tana iya samun baƙo kai tsaye daga ko'ina a duniya, sai dai idan katangar tsaro ta tare. Ka tabbata dokokin /ipv6 firewall na asali suna nan. Wanda ya goge saitin rauta gaba ɗaya ya gina da hannu, sau da yawa katangar IPv4 kaɗai yake ginawa. Ta biyu, kada tsoro ya sa ka toshe ICMPv6. Da shi na'urori ke gane maƙwabtansu, da shi kuma ake aiko saƙon "fakiti ya yi girma". Toshe shi ka jawo wa kanka ciwon da ke Mataki na 6.

Mataki na 5: Gina bututun

Akwai bututu tsirara, IPIPv6, layi ɗaya ya gama shi:

`/interface ipipv6 add name=daura local-address=2001:db8:a::1 remote-address=2001:db8:b::1`

Nauyinsa kaɗan ne, bayit 40 kacal yake ƙarawa. Amma ba ya ɓoye komai, lissafin Alhaji zai bi hanya a buɗe, kuma da zarar adireshin ɗaya ɓangaren ya canza ya mutu. Idan za ka yi shi, a katangar IPv6 ka buɗe wa ipencap, mai lamba 4. Akwai wani a jerin mai suna ipip, lambarsa 94, ba shi ba ne, kuma sunan yana yaudarar mutane.

Shawarar da ta fi ita ce WireGuard. A Katsina:

`/interface wireguard add name=wg-daura listen-port=51820 mtu=1420`
`/ip address add address=10.99.0.1/30 interface=wg-daura`

A Daura ka yi irinsa da suna wg-katsina da 10.99.0.2/30. Kowace rauta za ta haifar da makulli biyu, na sirri da na fili. Na fili kaɗai ake musaya. Koma Katsina:

`/interface wireguard peers add interface=wg-daura public-key="makullin filin Daura" endpoint-address=2001:db8:b::1 endpoint-port=51820 allowed-address=10.99.0.2/32,192.168.20.0/24 persistent-keepalive=25s`
`/ip route add dst-address=192.168.20.0/24 gateway=10.99.0.2`
`/ipv6 firewall filter add chain=input protocol=udp dst-port=51820 action=accept`

A Daura ka juya komai: makullin filin Katsina, adireshinta, 10.99.0.1/32 da 192.168.10.0/24.

Kura-kuran wannan mataki sanannu ne. Dokar katangar da ka ƙara tana faɗawa can ƙasan jeri, ƙarƙashin dokar da ke zubar da komai, don haka sai ka ja ta sama a Winbox. Kuma a katangar IPv6 take, ba ta IPv4 ba, tun da ta IPv6 bututun ke shigowa. Sannan a RouterOS, rubuta rukuni a allowed-address ba ya ƙirƙirar hanya. Waɗanda suka saba da wg-quick na Linux, inda hanyar ke zuwa da kanta, su ne suka fi tsallake layin /ip route. A gurbin allowed-address kuma rukunin can ake rubutawa, ba na nan ba.

Duba last-handshake a jerin peers. Idan ya nuna daƙiƙu, rautocin sun gaisa. Idan babu komai, matsalar ɗaya ce cikin uku: makulli, adireshi, ko katanga. Idan sun gaisa amma ping zuwa 10.99.0.2 bai dawo ba, katangar IPv4 ta asali ce ke korar duk abin da bai zo daga jerin LAN ba. Ka sa bututun a jerin:

`/interface list member add list=LAN interface=wg-daura`

Saura maganar canjin adireshi. Rukunin IPv6 da kamfani ya ba ka ba lallai ya dawwama ba. WireGuard yana da wayo a nan: idan adireshin Daura ya canza ta yi magana, Katsina za ta gane makullinta ta bi sabon adireshin. Matsalar tana zuwa ne ranar da duka biyun suka canza lokaci guda, kowa yana kiran tsohuwar lambar ɗan'uwansa. Maganinsa ka ba aƙalla ɓangare ɗaya suna na DNS (tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi) mai sabunta kansa, ka sa sunan a endpoint-address. Sunan ya kasance yana da rikodin AAAA kaɗai, wato na adireshin IPv6. Idan yana ɗauke da rikodin A, na IPv4, wannan adireshin CGNAT ne na taron jama'a, kuma rauta na iya zaɓarsa ta yi ta buga ƙofar da ba taka ba.

Idan ɓangare ɗaya ba shi da IPv6 ko kaɗan, sai a yi hayar sabar mai IPv4 da IPv6 ta zama mahaɗa, kowace rauta ta kira ta. Ka nemi wadda ke Legas idan da hali. In ka ɗauki ta Landan, hoton kyamarar Daura sai ya je Ingila ya dawo kafin ya iso Katsina, tafiyar da a mota ba ta wuce kilomita 80 da ɗoriya ba.

Mataki na 6: Girman fakiti, inda aka fi shan wuya

Kada ka tattara kayanka don ping ya dawo. Fakitin ping ƙanƙane ne, yana wucewa ta ko'ina. Alamomin wannan ciwo ga su: shafin shiga na akwatin kyamara ya buɗe, ka sa kalmar sirri, hoto ya ƙi zuwa. Manhajar lissafi ta haɗu, amma da an nemi rahoton wata sai ta sandare. Ƙaramin fayil ya wuce, babba ya tsaya a kashi kaɗan. Mai shago zai ce layi ne ba kyau, a yi ta zagin kamfani, alhali laifin yana cikin lissafin da ba a yi ba.

Ga lissafin. Layin Ethernet yana ɗaukar fakiti mai bayit 1500, wannan iyaka ita ake kira MTU. Bututu yana ɗora wa kowane fakiti ƙarin kaya: 40 na kan IPv6, 8 na UDP, 32 na WireGuard, jimla 80. Abin da ya rage wa fakitin ciki 1420. Idan layinka PPPoE ne, daga 1492 za ka fara, saura 1412. Na IPIPv6 kuwa 1460 a kan layin 1500. Kamar buhu ne da aka cika taf, aka ce a zura shi cikin wani buhun mai girma ɗaya: sai an rage hatsi. Kwamfutar Alhaji ba ta san da bututu ba, tana cika buhunta 1500 kamar kullum, kuma a IPv6 rautocin kan hanya ba sa farfasa fakiti, jefar da shi suke yi su aiko da saƙo. Idan wani ya toshe saƙon, shiru kake ji.

Auna da kanka daga laftof mai Windows a Katsina:

`ping -f -l 1392 192.168.20.1`

Lambar 1392 ita ce 1420 a cire 28, na kan IPv4 da na ping. Idan ya dawo, madalla. Idan ya yi shiru, rage goma-goma har ya dawo, sannan ka hau ɗaya-ɗaya ka gano iyaka. Ƙara 28 a kan lambar da ta wuce, wannan ne MTU na gaskiya, ka sa shi a bututun ta ɓangarorin biyu. Layukan wayar salula sukan ba da ƙasa da 1500, don haka kada ka yi mamaki idan ka tsaya a 1340 ko 1280. Rage MTU fiye da kima asararsa kaɗan ce, barin sa ya wuce kima shi ke kashe aiki.

Sannan ka sa rauta ta riƙa faɗa wa kwamfutoci su rage tun daga gaisuwar farko ta TCP. Lambar MSS, wato iyakar kayan da fakitin TCP ke ɗauka, ita ce MTU a cire 40, wato 1380 idan MTU 1420 ne:

`/ip firewall mangle add chain=forward protocol=tcp tcp-flags=syn out-interface=wg-daura tcp-mss=1381-65535 action=change-mss new-mss=1380`

Ka ƙara ta biyu da in-interface, ka maimaita a Daura.

Hattara: wannan dokar TCP kaɗai take gyarawa. Idan manhajar kallon kyamara tana jawo hoto ta UDP, za ka ga yana tsattsagewa. Shiga saitin ka mayar da shi TCP. Ƙofofin da za ka gwada: 554 na RTSP, 8000 na Hikvision, 37777 na Dahua, 4370 na ZKTeco. Kuma ka tuna saurin turawa na Daura ne iyakarka, ba saurin saukewa da ake tallatawa ba. Kyamara takwas a babban hoto za su shaƙe layin, a kalle su a ƙaramin hoto, a buɗe babba ga wadda ake so.

Mataki na 7: Inda NAT ke da amfani, da inda yake ɓarna

Tsakanin Katsina da Daura ba a buƙatar fassarar adireshi. Kowa ya tafi da sunansa, don idan an duba tarihin shiga a san wace kwamfuta ce ta taɓa lissafi. Ka duba dokar masquerade ɗinka, mai fassara adireshi, tana ɗaure da jerin WAN, wato layin waje. Wadda aka rubuta ba tare da an faɗi mafita ba tana fassara har abin da ke shiga bututu, sai aiki ya yi ta gefe ɗaya ya ƙi ta ɗayan.

Wuri biyu ne NAT ke ceto. Na farko, na'urar da ba ta karɓar mafita, ko wadda aka manta kalmar sirrinta ba a iya gyara ta. A rautar Daura:

`/ip firewall nat add chain=srcnat src-address=192.168.10.0/24 dst-address=192.168.20.201 out-interface=bridge action=masquerade`

Injin zai ga kamar rautar gidansu ce ke masa magana, ya amsa. Na biyu, inda rukunan biyu suka zo ɗaya kuma canzawa ba zai yiwu ba, ana amfani da netmap a ba kowane ɓangare rukunin aro. Yana aiki, amma duk wanda ya gaji netwok ɗin bayanka zai yi maka Allah ya isa. Gara ka ɓata yini ɗaya ka sake lambobi.

Alhaji zai ce yana son ganin kyamara a wayarsa ko yana Kano ko Saudiyya. Kada ka buɗe ƙofar akwatin kyamara ga duniya ta sabar haya, tsofaffin akwatunan nan ba a sabunta manhajarsu, masu kutse kuma dare da rana suke laluben irinsu. Ka sa WireGuard a wayar, ka ba ta makullinta da adireshi irin 10.99.1.2, ta shigo ta bututu. Sai dai layin wayar dole ya kasance da IPv6, in ba haka ba ta bi ta sabar haya.

Mataki na 8: NAT64 da DNS64, ga mai buƙata kaɗai

Wannan na makaranta ne ko babban wurin Wi-Fi da ke son raba wa wayoyi IPv6 zalla. Ana buƙatar ƙaramar kwamfuta mai Debian ko Ubuntu, a sa mata Jool, manhajar da ke yin NAT64, ta kunshin jool-dkms da jool-tools, a kunna tura fakiti na IPv4 da IPv6 a sysctl, sannan:

`modprobe jool`
`jool instance add --netfilter --pool6 64:ff9b::/96`

A MikroTik ka nuna hanyar 64:ff9b::/96 zuwa adireshin IPv6 na kwamfutar. Sai DNS64, wanda ke ƙirƙira wa shafin IPv4 adireshin IPv6 na aro. Ko ka kunna shi a Unbound ko BIND naka, ko ka raba wa na'urori na Google, 2001:4860:4860::6464, ko na Cloudflare, 2606:4700:4700::64. Waɗannan suna kawai suke fassarawa, ɗaukar kaya na Jool ɗinka ne. Wanda ya sa DNS64 ba shi da NAT64 ya toshe wa kansa rabin intanet.

Gwaji biyu: nemi rikodin AAAA na ipv4only.arpa, ya kamata ka ga 64:ff9b::c000:aa. Sannan ping zuwa 64:ff9b::8.8.8.8. Ka yi shi daga wata na'ura dabam, domin Jool ba ya fassara fakitin da ya taso daga kwamfutar da yake zaune a kai, kuma mutane sukan ɗauka ya lalace ne.

Hattara: da ka kunna tura fakiti a Linux yakan daina sauraron sanarwar rauta, hanyarsa ta IPv6 ta ɓace bayan ɗan lokaci. Ka sa accept_ra ya zama 2, ko ka buga hanyar da hannu. Haka kuma idan ba ka ba Jool adireshi a pool4 ba, ƙofofi 61001 zuwa 65535 kaɗai yake amfani da su, kusan 4,500, waɗanda ɗalibai ɗari za su cinye kafin azahar. Ka ware masa adireshin IPv4 nasa. Rukunin 64:ff9b::/96 kuma ƙa'ida ta hana a kai shi ga adiresoshin cikin gida irin 192.168, don haka ba ta nan za a kai ga sabar ofis ba.

Manhajar da aka dasa wa lambar IPv4 a cikinta ba ta tambayar DNS, don haka NAT64 ba ya mata rana. Maganinta 464XLAT: ƙaramin mai fassara a cikin na'urar kanta. Android yana da shi tun sigar 4.3, a Linux akwai clatd. Tsofaffin kwamfutocin Windows, firintoci da injinan POS ka bar su a rukuni dabam mai IPv4 da IPv6 tare. Idan kuma layinka yana bayan CGNAT, ka lissafa: Jool ya fassara, rautarka ta fassara, kamfani ya fassara, sau uku ke nan. Ga shago ko ƙaramin ofis wannan ɗaukar Dala ba gammo ne. Cibiyar jarrabawa ta kwamfuta kuwa kada ta gwada shi ana gab da jarrabawa.

Mataki na 9: Gwajin ɗauke wuta

Kafin ka karɓi cikon kuɗinka, zare wutar rautar Daura da na'urar layinta, ka jira minti biyar, ka mayar. Ya kamata bututun ya tashi da kansa ba tare da an taɓa komai ba. Maimaita a Katsina, sannan duka biyun tare, kana waya da yaron shagon Daura.

Idan ya ƙi tashi, duba agogon rauta. Ƙananan rautoci ba su da batirin agogo, kuma WireGuard yana buga lokaci a kan kowace gaisuwa, ya ƙi karɓar wadda lokacinta ya koma baya da wadda ya gani a da. Kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, a ɓangarorin biyu, kuma ya riƙa fita ta layin waje kai tsaye, ba ta cikin bututun da shi kansa yake jiran agogo ba:

`/system ntp client set enabled=yes servers=pool.ntp.org`

Ka ɗaga rautar daga saman inbata ko kusa da kwano, zafin watan Afrilu a Daura yana sa ta riƙa sake kunna kanta, a kuma busa mata ƙura bayan hunturu. Daga nan ka fitar da saitin kowace rauta da /export file=katsina da /export file=daura. Fitarwar ba ta haɗawa da makullan sirri sai ka ƙara show-sensitive, kuma kwafin da ke ɗauke da su ba a tura shi a zauren WhatsApp na ma'aikata. Takardar adireshin Mataki na 3 kuwa ka manna kwafinta a cikin akwatin rauta na kowane gari, ka rubuta MTU ɗin da ka auna a ƙasanta.